Kugin Ruwa: Daga Matan Fada Zuwa Tsakiyar Teku

Jama'a masu saurare na Birnin Kebbi da Argungu da Augie da Kalgo da Bunza, da duk inda muryarmu ta kai a gaɓar Gulbin Kabi, ga shirinmu na faɗakarwa.  Yau ruwa za mu shiga, amma ba da homa ba, ba da gora ba. Da kunne za mu shiga.

Bari mu fara da kurungu. Duk wanda ya taɓa zare kurungu daga raga ya san ba ya fita shiru. Kana riƙe da shi, yana miƙe ƙayoyinsa, sai ka ji yana wani ƙiƙi-ƙiƙi har cikin tafin hannunka. Ba da baki yake wannan kuka ba. Gindin ƙayar da ke gefensa yana da 'yan haƙora ƙanana, su yake gogawa a jikin ƙashin kafaɗarsa. Abin da yake yi a hannun masunci, shi yake yi a ƙarƙashin ruwa in ya ji tsoro ko suna faɗa da ɗan'uwansa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai kifayen da ke da jakar iska a ciki, suna kaɗa ta da tsoka sai ta yi gurnani. Masana sun tabbatar da cewa kusan nau'in kifi dubu ne ke fitar da sauti.

To ku haɗa wannan da ƙarar yashi da tsakuwa da ruwa ke ja a ƙasa, da ɗigon ruwan sama, da iska tana dukan fuskar ruwa, da shanu suna ƙetare mashigi, da injin kwalekwale. In duk suka gauraya har ba ka iya ware wannan daga wancan, shi ne kugin ruwa. Gulbi na da nasa. Teku kuwa, wanda ruwan gulbinmu ke gangarawa cikinsa bayan ya faɗa Kwara, ya wuce Yawuri da Lokoja, nasa kugin ba ya yankewa dare da rana tun da Allah Ya halicce shi. Maganarmu ta yau ita ce yadda masana suka koyi auna wannan kugi, da abin da suke samu a cikinsa.

Me ya sa sauti, ba haske ba? Saboda ruwa yana haɗiye haske. Ko a tekun da ya fi kowane garau, in ka wuce zurfin mita 200 hasken rana ya kusa ƙarewa, a mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. Mu nan ma ba sai an gaya mana ba, in damina ta yi nisa gulbi ya yi ja, mai nutso ba ya ganin yatsunsa. Amma sauti ruwa yake so. A iska yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, a cikin ruwa kuwa kusan mita 1,500, wato ya ninka fiye da sau huɗu. Tun a 1826 aka fara auna wannan, a tafkin Jeneba na ƙasar Suwizalan. Wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka shiga jirage biyu masu tazarar kilomita goma sha wani abu. A jirgi ɗaya aka buga ƙararrawa a cikin ruwa, a lokaci guda aka kunna albarushi ya yi walƙiya. Na ɗaya jirgin ya ga walƙiyar, ya kasa kunne a bakin wani dogon ƙaho da ya tsoma cikin ruwa, yana duba agogo har ƙarar ta iso. Suka samu mita 1,435 a sakan, kuma abin da na'urorin yau ke nunawa a ruwa mai irin wannan sanyi bai bambanta da nasu ba sai da 'yan mitoci kaɗan.

Yaƙi ne ya tura mutane sauraren teku gadan-gadan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun addabi kowa, ba a ganinsu, sai dai a ji su. Aka ƙera makirfo na musamman da ake zurawa cikin ruwa, aka zaunar da sojoji suna saurare. Sai ga matsala. Maimakon su ji farfelar abokan gaba kaɗai, sai kunnuwansu suka cika da wata hayaniya, a wasu wuraren ma da wani ƙas-ƙas-ƙas mara tsayawa, har wasu suka zaci na'urar ce ta lalace. Wani masanin halittun ruwa mai suna Martin Johnson ya bi diddigi ya gano cewa wani ɗan ƙaramin jatan lande ne, tsawonsa bai fi yatsa ba, mai hannu ɗaya ƙato. Dubbai ne suke ƙyasta hannun a lokaci guda. Sai a shekarar 2000 aka gane cewa ba haɗuwar hannun ke ƙara ba: ruwan da yake fesowa da sauri ne ke haifar da ƙwayar kumfa, in ta fashe sai ta yi tsawa.

A wancan zamani wannan kugi abin haushi ne kawai, burin kowa ya tace shi ya zubar don ya ji jirgi. Amma kafin ka tace abu sai ka san shi. Shi ya sa Vern Knudsen da abokan aikinsa suka fitar da jadawalin farko na ƙarfin kugin teku a 1948, sannan a 1962 Gordon Wenz ya tattara awon da aka yi a wurare da dama ya zana wanda har gobe ake koyar da ɗalibai da shi.

Abu biyu ake aunawa. Na farko ƙarfin sauti, ma'auninsa desibel. Lissafinsa yana da wata ɗabi'a da ya kamata ku riƙe: in aka ce an samu ƙarin desibel 3, ƙarfin ya ninka sau biyu ke nan, in aka ce desibel 10, ya ninka sau goma. Na biyu kuwa kaurin sautin ko sirantarsa, wato sau nawa yake girgiza a sakan ɗaya. Kunnen mutum mai lafiya yana jin daga girgiza 20 zuwa kusan 20,000. Abin da Wenz ya nuna shi ne kowane mai hayaniya a teku yana da wajen zamansa. Can ƙasa, inda sauti ya fi kauri, akwai girgizar ƙasa da haɗuwar manyan igiyoyi. Sama da su kaɗan, daga girgiza 10 zuwa 'yan ɗaruruwa, wurin jiragen ruwa na nesa ne da kukan manyan dabbobin teku da ake kira wel. Daga 500 zuwa sama, iska ce da kumfar taguwa. Ruwan sama da jatan lande sun fi yawa a sama can, wajen siririn sauti.

Mutumin da ya saba da ranar kasuwa yana iya tsayawa daga bayan gari, bai ji kalmar kowa ba, amma daga gunjin da ke tasowa ya gaya maka ko kasuwa ta ci, ko ta fara watsewa, ko an yi rigima. Haka masana suka koma yi da teku. Abin da da ake zubarwa, shi ya zama labarin.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, kuna tare da mu a shirin faɗakarwa, muna magana kan kugin ruwa. Yanzu ga inda abin ya shafi gonarku.

Ruwan saman da ke sauka a duniya, mafi yawansa a kan teku yake sauka, inda babu mai kafa gwangwanin awo. Ko an ɗora gwangwani a kan jirgi, tangaɗi da feshin igiya suna ɓata lissafi. Sai wani masani a Amurka, Jeffrey Nystuen, ya duƙufa kan sauraren ruwan sama daga ƙasansa. Ga abin da ke faruwa. In ɗigon yayyafi, wanda faɗinsa kimanin milimita ɗaya ne, ya faɗa kan ruwa, yakan buɗe ɗan rami, ramin ya rufe a kan 'yar iska, sai wannan ƙwayar kumfa ta yi ɗan amo siriri, wajen girgiza 14,000 a sakan. Manyan ɗigo kuwa na mamako, suna dukan ruwa da ƙarfi, suna tura kumfa iri-iri, sautinsu ya fi kauri kuma ya bazu. Saboda haka makirfo da ke rataye a zurfi, nesa da hadarin, yana iya bambanta yayyafi da ruwa mai ƙarfi, ya kuma ƙiyasta milimita nawa ke sauka a awa. Haka ma iska. Gwargwadon ƙarfinta, gwargwadon fashewar taguwa, gwargwadon kugin da ke sauka ƙasa.

Wani zai ce, ina ruwan manomin shinkafa na fadamar Argungu da ruwan da ya sauka a tsakiyar teku? Da ruwansa ƙwarai. Iskar da ke kawo mana damina daga kudu maso yamma take tasowa, daga Tekun Atilantika ta mashigin Gini, can take ɗebo laima. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, kuma binciken masana yanayi ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna yana da babban hannu a wannan fari da ya gallabi yankin Sahel. Duk abin da zai ƙara wa masu hasashen yanayi sanin halin da teku ke ciki, yana ƙara ingancin abin da za su gaya mana game da shuka.

Nan ne maganar ɗumi ta shigo, kuma ita ce ta fi burge ni a duk wannan ilimi. Sauti ya fi sauri a ruwa mai ɗumi. In ɗumin ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, saurin sauti yana ƙaruwa da mita 3 zuwa 4 a sakan. Ke nan in ka san tazarar wuri biyu, ka kuma auna lokacin da sauti ya ɗauka tsakaninsu, ka san matsakaicin ɗumin duk ruwan da ya ratsa. Kuma teku yana da wata hanya ta musamman. A 1944 Maurice Ewing da Joe Worzel suka gwada suka tabbatar cewa a zurfin kusan mita 1,000 akwai wani sashe da sauti ke shiga ya kasa fita, in ya nufi sama ya lanƙwaso, in ya nufi ƙasa ya lanƙwaso, sai ya yi ta tafiya dubban kilomitoci. A watan Janairu na 1991 aka saki sauti daga kusa da tsibirin Heard, can kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a gaɓar Amurka ta gabas da ta yamma, bayan tafiyar kusan awa 3.

Gwajin ya yi nasara, amma ya tayar da ƙura, don masu kare dabbobin teku sun ce wannan ƙara za ta cutar da su. Sai tambaya ta zo: me ya sa za mu ƙara hayaniya, alhali teku cike yake da tasa? A 2020 wasu masana a Kalifoniya, Wenbo Wu da abokansa, suka ɗauki ƙarar girgizar ƙasa da ke maimaita kanta a wuri ɗaya kusa da Sumatra ta Indunusiya, suka duba lokacin da take ɗauka kafin ta isa tsibirin Diego Garcia, tazarar kusan kilomita 3,000. Daga ɗan bambancin da bai kai sakan ɗaya ba tsakanin shekara da shekara, suka ga yadda Tekun Indiya ke ƙara ɗumi. Wasu kuma sun nuna cewa ko da kugin banza kawai, in ka kafa makirfo biyu ka daɗe kana naɗa, kwamfuta tana iya tsamo ɗan abin da ya ratsa na farko sannan ya isa na biyu, ta ba ka lokacin tafiyarsa. Ba ka saki ko ƙyas ba, kunne kawai ka kasa.

Har gani ana yi da wannan kugi. A farkon shekarun 1990 Michael Buckingham ya nuna cewa kugin da ke kewaye da abu yana dukansa ya dawo, kuma da na'ura mai makirfo da yawa ana iya zana siffarsa.

Akwai kuma labari mai taɓa zuciya. Hukumar da ke sa ido kan haramta gwajin makaman nukiliya tana da tashoshin saurare 11 a tekunan duniya. Ranar 15 ga Nuwamba 2017, jirgin ƙarƙashin ruwa na sojojin Ajantina mai suna San Juan ya ɓace da mutum 44. Tashar tsibirin Ascension a Atilantika da ta Crozet a Tekun Indiya, kowacce tana da nisan dubban kilomitoci daga wurin, suka ji wata gajeruwar ƙara da ba ta yi kama da kugin yau da kullum ba. Aka lissafa inda ta fito. Bayan shekara guda aka samu ɓaraguzan jirgin a zurfin kusan mita 900, ba nesa da inda lissafin ya nuna ba. Ku lura da abu ɗaya: an gane baƙuwar ƙara ne saboda an riga an san ta kullum.

Wannan sani na kullum shi ya tona wani abu mara daɗi. Da aka kwatanta awon da sojojin ruwan Amurka suka yi a gaɓar Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1960 da wanda aka yi a wuri ɗaya a 2003 da 2004, sai aka ga kugi mai kauri ya ƙaru da desibel 10 zuwa 12. Ku tuna lissafinmu, ya ninka sau goma ko fiye. Jiragen dakon kaya ne suka yawaita, suka ƙara girma. Kuma daidai wannan wajen na sauti mai kauri ne manyan wel ke kiran junansu. A watan Satumba na 2001, bayan harin da aka kai Amurka, zirga-zirgar jirage ta ragu na 'yan kwanaki a mashigin Fundy na Kanada, kugin ya sauka da desibel 6, masu bincike kuma suka ga alamar damuwa a jikin dabbobin ta ragu a daidai wannan lokaci. Shi ya sa a 2014 hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta fitar da shawarwarin rage ƙarar jirage. Ƙananan kifaye ma da kunne suke neman gida. A Ostireliya an sa lasifika a kan murjanin da ya mutu, ana kunna sautin murjani mai rai, sai kifayen da suka zo suka zauna suka ninka na wuraren da aka bari shiru.

(Ɗan kiɗa)

To mu dawo gida. Kabawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya ga makaɗa a cikin kwalekwale suna kiɗa, ana kaɗa goruna, dubban mutane sun auka ruwa lokaci guda. Wannan hayaniya tana firgita giwan ruwa ta fito daga maɓoyarta. Masunci ya san in ya buga fila a jikin jirgi kifi zai watse, ya san lokacin da ake tuƙi a hankali ba a ko tari. Sarkin Ruwa da Homa da mutanensu sun gaji sanin halin kifi kaka da kakanni. Abin da na'ura za ta ƙara shi ne ta ajiye sautin bana, a kwatanta shi da na baɗi da na shekara goma masu zuwa.

Kuma gulbinmu yana sauyawa a gaban idonmu. Tun da aka gina madatsar Bakolori da ta Goronyo, zuwan ruwa da janyewarsa ba kamar da ba ne. Yashi yana cike gurabu. Noman rani ya bunƙasa, alhamdu lillahi, amma ya zo da injinan ban-ruwa jere a bakin gaɓa, ga kwalekwale masu inji. Masunta da yawa suna kukan kifi ya ragu. Ni a ganina, kuka kaɗai ba zai sa hukuma ta motsa ba, sai an kawo mata awo. Sauti kuwa awo ne da ba ya kashe kifi ko ɗaya, ba ya jin tsoron dare, ba ruwansa da jan ruwa. A ƙasashen Turai da Amurka ana amfani da makirfon ruwa a ƙiyasta yawan tsakuwar da kogi ke ja. A fadamun Kwara na ƙasar Mali an naɗi kukan wasu ƙananan kifaye da ke kiran mata da dare a lokacin ambaliya, wanda ke nuna inda suke hayayyafa. A tafkin Ossa na Kamaru da kunne ake gano inda ayu yake, tun da ganinsa da ido sai an yi sa'a.

Muna ma da abin da wasu ba su da shi. Yankin Matan Fada da aka keɓe, aka hana su a cikinsa sai ranar biki, wuri ne da za a iya kwatantawa da wani yanki da ake su da zirga-zirga kullum. Wanne ya fi cika da kukan kifi da dare? Yaya sautin Matan Fada yake mako ɗaya kafin biki, yaya yake mako ɗaya bayansa, kuma wata nawa yake ɗauka kafin ya koma yadda yake? Amsoshin nan za su amfani masarauta da ma'aikatar da ke kula da kamun kifi.

Kira nake yi ga malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru. Kayan farawa ba su da tsada. Ɗan faifan tagulla da ke ƙara a cikin agogon ƙararrawa ko wasu kayan wasan yara, in aka danne shi yana haifar da 'yar wutar lantarki. A haɗa shi da waya mai tsawo, a lulluɓe shi da gam mai hana ruwa shiga, a ɗaura masa ɗan nauyi, a jona da na'urar ƙara sauti da ta naɗa. Wannan ya isa a ji. In ana son lambobin da za a kai gaban masana, sai an nemi makirfo da aka daidaita awonsa, kuma a nan ne ya kamata a tuntuɓi cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa a bakin tafkin Kainji, da cibiyar binciken teku ta Legas.

Wahalar ba a kayan take ba, a naci take. Wuri ɗaya, zurfi ɗaya, lokaci ɗaya, da asuba da azahar da tsakar dare, rani da damina. A rubuta kwanan wata, da tsayin ruwa, da ko ana iska, da ko inji ya wuce. A ɗaure wayar kada ta riƙa gogar jirgi, in ba haka ba ƙarar jirginka za ka naɗa. A nemi izinin Sarkin Ruwa kafin a tsoma komai, a tafi da masuncin da ya san wurin, don shi zai ce maka wannan kurungu ne, wancan tarwaɗa ce ta taso shan iska. Kuma don Allah kada wanda bai iya ruwa ba ya shiga jirgi ba rigar kariya, musamman in gulbi ya kawo.

Ku kuma iyayenmu masunta na Argungu da Yawuri da sauran garuruwan bakin ruwa, muna son ji daga gare ku. Wane kifi kuka san yana kuka, a wane wata, da wane lokaci na dare? Akwai sautin da kuke ji a ruwa kuna yara wanda yanzu kuka daina ji? Ku aiko mana da saƙo ko ku zo da kanku, za mu karanta abin da kuka faɗa a shiri na gaba, mu kuma miƙa shi ga ɗaliban da suka nuna sha'awar wannan aiki.